Layi Biyun da Na Ce Na Saka

Na shiga ƙasar Gana babu akwatin kayan aikina. A tashar Kara ta ƙasar Togo wani ɗan kamasho mai fara'a, da Hausa a bakinsa kamar ɗan Sakkwato, ya karɓi akwatin ya ce zai ɗaure mini shi a saman mota. Ya ɗaure shi kuwa, amma a saman wata motar. Sai da muka tsallake iyaka a Tatale aka sauke kaya na gane. Abin da ya rage mini jakar tufafi ce, da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun gaba.

Sunana Sabi'u, mutumin Funtuwa. Firamare na gama, na ƙara shekara biyu a makarantar koyon sana'a. Da hawan falwayar tarho na fara, daga baya na koma jan wayar kwamfuta a ofisoshi. Akwatin ƙarfen nan da wayoyi ke haɗuwa a cikinsa, wanda muke kira suwic, a tsaye na koyi saita shi, ina bayan masu digiri ina kwafar abin da suke bugawa a littafina. Abin da ke cikin littafin na iya. Abin da ba ya ciki ban iya ba.

Wani ɗan kwangila, Ɗanlami, shi ya samo aikin Tamale. A takardar da ya aika wa masu aikin ya rubuta ni a matsayin babban injiniya. Na gani, ban ce ya goge ba. Ya ce in yi gaba, zai iske ni can da mutum biyu masu ilimin abin, kuma ya kama mini masauki. Daga Yendi na kira shi, waya a kashe. Ba ta sake kunnuwa ba har na bar ƙasar.

Na sauka Tamale da rana tsaka, cikin zafin da ke zuwa kafin damina. Iska ba ta motsi. Mata suna ta wucewa a kan babura da goyo a baya, kowa na gaida kowa, ana amsawa da “Naa, naa”, ni kuwa ban san ko mutum ɗaya ba. Ina tsaye sai wani dogon mutum da bai kai arba'in ba ya tsayar da babur, ya sauko, ya durƙusa a gabana cikin tasha.

“Baaba Injiniya? Ni ne Iddrisu, injiniyan kamfanin. Kaakaa hanya?”

Na ce hanya ta cinye mini akwati. Ya yi dariya ya ce, “Togo ke nan. Ka gode Allah sun bar maka hula.”

Masaukin da Ɗanlami ya ce ya kama, da muka je ba su taɓa jin sunansa ba. Iddrisu bai yi shawara da kowa ba, ya wuce da ni gidansa a Choggu. Ya buɗe wani ɗaki mai warin daɗewa a rufe, da buzu a rataye da buta a lungu. Ya ce na mahaifinsa ne, bara ya rasu, ba wanda ya kwana ciki tun daga lokacin.

Makon farko kewar gida ta dame ni. Tuwonsu ruwa-ruwa ne, ina ci ina tuna na matata. Ban faɗa ba, amma Sanatu matar Iddrisu ta lura da abin da nake ragewa a kwano. Ta je har zango, unguwar Hausawa, ta tambayo yadda mutanenmu ke tuƙa tuwo, ta dawo ta yi mini mai tauri da miyar kuka. Iddrisu ya ɗanɗana ya ce, “Baaba, wannan in ka jefi kare da shi sai an kai shi asibiti.” Na cinye tas.

Kamfanin yana Sagnarigu, cikin wani gida mai hawa ɗaya. A ɗakin baya aka jera kabad shida na ƙarfe, cike da manyan kwamfutocin da ake kira saba. Ƙananan asibitoci da ɗakunan gwajin jini na garuruwan kewaye a nan suke ajiye bayanan marasa lafiya. Sanyin ɗakin har cikin ƙashi, fankoki suna gurnani ba tsayawa. Mai kamfanin, Hajiya Memunatu, jikar fataken Kano ce. Ranar farko ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ku 'yan Najeriya baki kamar rediyo. Allah ya sa hannu ma haka yake.”

Aikin da aka kawo ni yi shi ne na ƙofa. Kowace saba adireshi ɗaya ta sani da take miƙa wa saƙon da zai fita waje. Wannan adireshin shi ne getwe, mu ce ƙofar fita. In suwic ɗin da ke riƙe da ƙofar ya mutu, sabobin suna nan lafiya lau, amma ba mai jin su. Sun sayi manyan suwic biyu, ana son a tsara yadda in ɗaya ya faɗi ƙofa ba za ta rufe ba.

Muka zauna mu uku gaban farin allo. Hajiya ta ce, “Iddrisu, ka yi mana da Hausa ko Dagbanci. Ban da yaren kwamfuta.”

Ya zana akwati biyu. “Hanya uku ne, Hajiya. Ta farko, wadda ake ce wa VRRP, ɗaya yana riƙe ƙofa, ɗaya yana zaune yana saurare. Mai riƙewa kowace daƙiƙa yana cewa ina nan. In aka ji shiru sau uku, na zaune ya tashi ya karɓa. Tsohuwar hanya ce, kowane irin suwic ya san ta.”

“Wato na sayi biyu, ɗaya yana barci?”

“Yana gadi, Hajiya.”

“Maigadin gidana ma haka yake cewa. Ta biyu fa?”

“A haɗa su tagwaye da waya ta musamman a tsakaninsu, su biyun su riƙa amsa ƙofa a lokaci guda. Ba mai zama. In ɗaya ya faɗi, ɗayan dama yana kan aiki, kusan ba a ji. Amma sai sun zama 'yan kamfani ɗaya, namu kuwa haka suke. Haɗarinta, in wayar tsakaninsu ta yanke, kowa zai iya ɗauka shi kaɗai ya rage. Shi ya sa ake ja musu wata ta daban.”

Ta uku, in ji shi, ita ce a sa ƙofar a kan ƙaramin suwic na kowace kabad, duka da adireshi iri ɗaya, ta yadda in ɗaya ya mutu kabad ɗinsa kaɗai zai shafa. Manyan wurare haka suke yi yanzu. Amma tana son sabbin kaya da mai ilimin riƙe ta, kuma ta yi wa kabad shida yawa. Shi dai ta biyu ya zaɓa.

Hajiya ta juyo. “Baaba, kai ne babba.”

Ta farko kaɗai ke cikin littafina. Ta biyu na taɓa jin sunanta. Ta uku a ranar na fara jin ta. Na gyara zama na ce na ga tagwayen nan sun rikita manyan wurare a Kaduna, ni ba na sa kayan marasa lafiya a kan abin yayi. Ban taɓa ganin komai a Kaduna ba. Na faɗa da murya mai nauyi, ina shafa gemu.

Iddrisu ya sunkuyar da kai. A can ba a musu da mai furfura a gaban mutane. Ya ce, “Ta farko ma ba ta da laifi, Baaba. Abu biyu kawai nake roƙo. Wutar garin nan ka gan ta. In na farko ya mutu ya dawo, kada ya karɓe ƙofa nan take. A sa masa jinkiri, sai ya gama gano hanyoyinsa na waje. Kuma a sa ya riƙa duba wayarsa ta fita, in ta mutu ya sauka ya ba ɗan'uwansa. Layi biyu ne kawai za a buga cikin saitinsa.”

Na ce, “Wannan ai ba sai an gaya mini ba.”

Hajiya ta yanke cewa a yi ta farkon, ni zan yi aikin, Iddrisu zai duba ya sa hannu a takardar karɓa. “Wanda ya sa hannu shi na sani. Baaba baƙo ne, gobe yana Najeriya. Kai ne a nan. In abin nan ya kunyata ni gaban likitoci, kai za ka tafi.”

Na buɗe littafina shafi-shafi. Layi biyun ba sa ciki. Wanda na kwafa a wurinsa shekarun baya bai saka su ba, abin da ya saka shi ne na farko ya karɓe ƙofa da zarar ya farfaɗo. Na gwada buga abin da nake zato, suwic ya ƙi karɓa. Iddrisu yana ɗaki na gaba, taku goma. Tambaya ɗaya ce. Amma mutumin da ke durƙusa mini kowace safiya, ya ɗauki butata ya cika, yaya zan ce masa ban sani ba? Na rufe littafin.

Bayan kwana biyu ya shigo da kwamfutarsa a hannu. “Baaba, an saka layukan nan?”

“Na saka.”

“Bari in ɗan leƙa, saboda takarda.”

Ya ja kujera ya jona waya. Abin da ya fito daga bakina har yau ina jin sa. Na ce, “Iddrisu, mahaifinka ma in ya ce ya yi abu, haka kake bin bayansa kana dubawa?”

Hannunsa ya tsaya a kan kwamfutar. Sannan ya zare wayar, ya naɗe ta a hankali. “Ka yi haƙuri, Baaba. Ban yi nufin haka ba.”

Ranar gwaji Juma'a ce. Hajiya ta zo da baƙi biyu daga asibitocin. Na zare wutar suwic na farko a gabansu. Ɗaya, biyu, uku, na biyu ya karɓa, saƙo ya ci gaba da tafiya. Aka yi tafi. Hajiya ta ce ashe rediyon yana da hannu. Iddrisu ya ce saura a mayar da wutar a ga dawowarsa. Na duba agogo na ce lokacin masallaci ya yi, su yi gaba, zan mayar in biyo su.

Da ɗakin ya zama ni kaɗai na mayar. Suwic ya ɗauki mintuna yana farfaɗowa. Yana buɗe ido ya karɓe ƙofa daga hannun ɗan'uwansa, alhali bai gano hanyar waje ba tukuna. Duk saƙon da aka miƙa masa sai ya ɓace. Ina kallon fuskar kwamfuta, layi bayan layi, ba amsa, ba amsa. Kusan minti uku. Sannan komai ya dawo kamar ba a yi ba. Na gani da idona. Na ce a raina sau nawa ne suwic zai mutu, ga batirin ajiya, ga janareta? Na yi alwala na tafi masallaci. Da la'asar Iddrisu ya sa hannu.

Na so in tafi a makon, amma sauran jan waya ya riƙe ni. Kullum da yamma gabas takan yi baƙi, iska ta taso ta kaɗa kwanon rufi, sannan ta lafa ba ɗigo. Sanatu takan kalli sama ta ce, “Yana tarawa ne.” Na daina cinye tuwona. Duk sanda fitilar ɗakin saba ta ɗan yi ƙyaf, sai in juya in duba suwic na farko.

Ruwan ya sauko ranar wata Talata bayan azahar. Iddrisu ya tafi Savelugu gyaran wata waya. Gari ya yi duhu kamar magariba, sai wata tsawa da na ji ta a haƙorana. Fitilu suka ɗauke suka dawo. Batirin ajiyar da ke ciyar da suwic na farko ya fara ƙara, yana ba da wuta yana yankewa.

Na farko ya mutu, na biyu ya karɓa lafiya. Har na yi ajiyar zuciya. Sai na farko ya farfaɗo, ya karɓe ƙofa, komai ya tsaya. Kafin ya gama gano hanyarsa wutar ta sake yankewa. Na biyu ya karɓa. Na farko ya sake tasowa. Haka suka yi ta yi, na biyun nan lafiyarsa ƙalau, amma ba a barin sa ya yi aiki.

Wayoyin ofis suka fara ruri. Ina jin Hajiya ta bango tana ba da haƙuri da Turanci, tana ba da haƙuri da Dagbanci. Wani ɗakin gwaji ya tara mutane, an kasa fitar da sakamakon kowa. Wani asibiti ya kasa buɗe bayanan mai naƙuda. Ta leƙo ta ce, “Baaba, me ke faruwa?” Na ce tsawa ce, ina dubawa. Ina tsaye ne kawai da littafi a hannu. Kaina ya toshe, har abin da jan waya ya koya mini ya gudu.

Fiye da awa biyu ana haka kafin Iddrisu ya iso, jiƙe sharkaf, da laka har gwiwa. Bai gaishe ni ba, ranar kaɗai ke nan. Ya kalli fitilun suwic ɗin na ɗan lokaci, ya zagaya baya ya zare wutar na farko gaba ɗaya. Na biyu ya karɓa ya riƙe. Wayoyi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya jona kwamfutarsa a na biyu, wanda saitinsu iri ɗaya na yi. Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya sake karantawa. Ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗago ya kalle ni.

Washegari Hajiya ta kira mu. Asibiti biyu sun ce za su kwashe bayanansu. Idonta ya yi ja.

“Iddrisu, layi biyun da ka yi ta magana a kai, suna ciki?”

“Ba sa ciki, Hajiya.”

“Ka duba kafin ka sa hannu?”

“Ban duba ba.”

“Don me?”

Ya yi shiru. Ta sake tambaya, ya sake yin shiru. Ba zai buɗe baki ya ce dattijon da ke kwana a ɗakin mahaifinsa ya yi ƙarya ba. Yana jira ne. Ya bar mini wurin in faɗa da kaina.

Hajiya ta juyo gare ni. “Baaba, kai me ka ce?”

Na ce, “Hajiya, aiki irin wannan mutum yana mantuwa. Shi ya sa ake sa mai dubawa.”

Sai ta ce wa Iddrisu ya ajiye mabuɗan ɗakin. Ya ciro su daga aljihu ya ajiye. Kafin ya fita ya ce mata kada kowa ya mayar da wutar na farko sai an gyara, ya rubuta yadda za a gyara a takarda ya ba ta.

A babur ɗinsa muka koma Choggu, ina zaune a bayansa, don ba ni da wata hanyar. Sanatu ta kawo mini abinci kamar kullum. Ta riga ta ji an sallame shi, ba ta ji dalili ba. Har tana ce mini, “Baaba, ka roƙa masa Hajiya, kai za ta ji maganarka.” Na ce insha Allahu.

Kwana biyu bayan haka ya kai ni tasha da safe. Ya ɗaure jakata da hannunsa, ya ja igiyar ya tabbatar. Ya tsaya ta taga ya ce, “Baaba, in an sake kiran ka irin wannan aikin, ka bari wani ya duba. Akwai mutane a ɗaya bakin wayar.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

A Yendi mota ta tsaya shan mai. Na sauka. Can tsallaken titi ga wata motar tana lodin Tamale, saura mutum ɗaya, yaron mota yana ta kira. Kafin azahar zan iya tsayawa gaban Hajiya. Na taka har tsakiyar titi. Direbanmu ya danna oda ya leƙo ya ce, “Alhaji, za ka ko ba za ka ba?” Na juya na koma kujerata.

Shekara bakwai ke nan. Ban sake taɓa suwic ba. Wani direban Funtuwa mai zuwa can ɗaukar kaya na roƙa ya tambayo mini. Ya ce masu wannan sana'ar a Tamale ba su da yawa, duk sun san juna, labari ya zaga cewa Iddrisu yana sa hannu a abin da bai duba ba. Bai sake samun aiki a ɗakin saba ba. Yana da rumfar gyaran waya a Gurugu, gefen mai sayar da taya. Har yau, in ji direban, in aka tambaye shi abin da ya faru sai ya ce kuskurensa ne.

Idona ya fara rauni, likita ya ce ba gyaruwa zai yi ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan tun ina ganin layi. Na sa an buga kwafi uku. Direban zai kai wa Hajiya Memunatu ɗaya hannu da hannu. Ɗaya na masu sana'ar ne, su karanta su miƙa wa juna. Na ukun ban san ko zan iya aika shi Gurugu ba.

Hajiya, Iddrisu ya zo dubawa. Ya ja kujera, ya jona waya. Ni na hana shi, da sunan mahaifinsa. Layi biyun ban manta su ba, ban iya su ba ne, na ce na saka. Kuma ranar Juma'ar nan da kuka tafi masallaci, na ga abin da zai faru tun kafin ya sa hannu.